Bitrus ya fita kurkuku, gidan Yakubu fa?

Hannatu: Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan Ayyukan Manzanni sura 12, kuma don Allah kada a rufe mini baki da "haka Allah ya so". Surar ta fara da cewa Hirudus ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Aya ɗaya tak, aka wuce. Sai dogon labarin Bitrus: soja 16 suna gadinsa, an ɗaure shi da sarƙa biyu, mala'ika ya tashe shi cikin dare, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Duk wa'azin da na taɓa ji a kan surar nan, Bitrus ake yi. To gidan Zabadi, mahaifin Yakubu, fa? Daren da ake murna a gidan Maryamu uwar Markus, akwai gidan da ba a daɗe da kashe musu ɗa ba. Su da me za su gode? Kuma a cikin manzannin nan biyu, Allah yana tare da wane?

Ladi: Kai. Gaskiya ni ido yana tsallake ayar Yakubu in ina karatu.

Baba Danjuma: 'Yata, tambayarki mai nauyi ce amma amsarta a rubuce take. 1 Tasalonikawa 5:18 ta ce mu yi godiya cikin kowane hali. Ba a ware halin makoki ba. Yakubu ya riga Bitrus isa gida ne kawai. Shi ma Bitrus ɗin ai kashe shi aka yi a Roma zamanin Nero, bayan kimanin shekara 20. Mala'ikan ya ƙara masa kwana ne don akwai sauran aiki a gabansa.

Hannatu: Baba na yarda. Amma da kai ne ka je gaisuwa gidan Zabadi, abin da za ka faɗa wa uwarsa ke nan?

Baba Danjuma: A ranar dai a'a. Amma gaskiya ba ta sakewa don ana kuka.

Istifanus: Ni maganar nan ta taɓa ni kai tsaye. Motar da nake ciki ta yi hatsari, wanda muke kujera ɗaya da shi ya mutu nan take, ni ko ƙashi ban karye ba. Da na samu sauƙin jiki na tsaya gaban ikilisiya na ba da shaida, na yi kuka, na gode wa Ubangiji. Yanzu ana so a ce laifi na yi? Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne ya dawo, kuma Yesu ya tambayi ina sauran tara ɗin. Ni ba zan shiga cikin tara ba.

Hannatu: Ba wanda ya ce ka yi laifi ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka.

Mama Rifkatu: Istifanus ɗana, ka gode, ka ƙara godewa. Bari in faɗa maka yadda abin yake daga ɗaya kujerar. Maigidana ya yi doguwar jinya. Mun yi azumi, dattawa sun zo sun shafa masa mai sun yi addu'a, ya tafi. Ba a daɗe ba wani ɗan'uwa da ya yi irin ciwon ya warke, ya fito ba da shaida. Na yi masa murna har zuciyata, Allah ne shaidata. Amma sai ya ce, "Na sani Allahna ba ya barin nasa, duk wanda ya riƙe shi da gaske ba zai kunyata ba." Jama'a suka ɗau tafi. Ni ina zaune da 'ya'yana, ƙaramin ya juyo ya kalle ni. A hanyar gida ya tambaye ni ko babansu bai riƙe Allah da gaske ba ne. Warkewar mutumin ba ta dame ni ba ko kaɗan. Dalilin da ya bayar ne ya soke mu.

Ladi: Wayyo Mama. Ubangiji ya ci gaba da ta'azantar da ku.

Talatu: Sannu Mama. Kuma na tabbata mutumin bai ma san ya yi ɓarna ba, ya koma gida yana jin daɗi.

Malam Iliya: Mama Rifkatu ta kai mu inda maganar take. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da ni.

Yesu da kansa ya taɓa wannan a Luka 13. An kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu. Ya tambaya, kuna tsammani sun fi sauran mutane zunubi ne? Ya ce a'a, sau biyu. Wato ya hana waɗanda suka tsira su ɗauki tsirarsu a matsayin takardar shaidar cewa sun fi. In ka haɗa da Luka 18, za ka ga Bafarisiyen nan ma da godiya ya buɗe addu'arsa. Ya gode wa Allah don shi ba kamar sauran mutane yake ba. Godiya ce, da sunan Allah a ciki, amma ba shi ne ya koma gida baratacce ba. Akwai godiyar da sai ta taka wani take iya tsayawa.

Sai Ibraniyawa 11, wadda muke son farkonta. Waɗanda suka rufe bakin zakoki, suka kashe ƙarfin wuta, suka tsere wa kaifin takobi. Daga tsakiyar aya 35 sai jerin ya juya ba tare da marubucin ya ja numfashi ba: aka azabtar da wasu, aka jejjefe wasu, aka tsaga wasu da zarto, aka kashe wasu da takobi. A aya 34 an tsere wa takobi ta wurin bangaskiya, a aya 37 an mutu da takobi, kuma aya 39 ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Bitrus yana aya 34, Yakubu yana aya 37. Hannatu, amsar "yana tare da wane" ke nan a ganina. Fitowa daga kurkuku ba shi ne ma'aunin ba.

Wani abu kuma game da uwar Yakubu. Ita ce a Matiyu 20 ta zo ta roƙa wa 'ya'yanta kujerun dama da hagu. Yesu ya tambaye su ko za su iya shan ƙoƙon da zai sha, suka ce za su iya, ya ce lalle za su sha. Ita ce kuma Matiyu 27:56 ta lissafa cikin matan da suka tsaya daga nesa suna kallon gicciye. In tana da rai lokacin da aka kashe ɗanta, to mace ce da ta riga ta ga an kashe wanda Allah ya fi ƙauna, ta kuma san abin da ya faru a rana ta uku.

Hannatu: Malam na gode. Maganar aya 34 da 37 ta zauna mini. Amma bari in ƙara wata wuta: aya 19 ta Ayyukan 12 ta ce da Hirudus ya nemi Bitrus bai samu ba, ya sa aka kashe masu gadin. Su ma suna da mata da 'ya'ya. Kuɓutar da muke tafa wa ma ta bar gawa a baya.

Baba Danjuma: Hirudus ne ya kashe su, ba mala'ika ba. Kada mu ɗora wa Allah laifin azzalumi. Kuma ki karanta ƙarshen surar ki ga yadda shi Hirudus ɗin ya ƙare.

Gidiyon: Ni ina ganin muna neman mu sanyaya wa mutane gwiwa. Yabo makami ne. Bulus da Sila a Filibi, an yi musu bulala, ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna waƙa, ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe. Yehoshafat ya sa mawaƙa a gaban mayaƙa, abokan gaba suka karkashe juna. In kana cikin matsala ka fara godiya tun kafin ka ga amsa, ƙofa za ta buɗe. Na gwada, yana aiki.

Talatu: "Yana aiki" ɗin nan ne ke ba ni tsoro Gidiyon. Kamar mai saka kati a na'ura yana jiran kuɗi su fito. In ƙofar ba ta buɗe ba fa? Sai a ce wa mutum godiyarsa ce ba ta cika ba, ya ƙara nauyi a kan nauyi.

Gidiyon: Yaya Talatu ba haka nake nufi ba. Amma ai an rubuta labaran ne don mu koya.

Malam Iliya: An rubuta su don mu koya, sai mu koye su har ƙarshe. Da ƙofofin Filibi suka buɗe, Bulus da Sila ba su fita ba. Suna nan zaune har mai gadin ya zaro takobi zai kashe kansa, Bulus ya yi masa tsawa ya ce duk muna nan. Mutumin da ya yi waƙa don ƙofa ta buɗe, da ta buɗe ai da gudu zai fita. Kuma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi, ya ce an doke mu a fili ba shari'a, mu kuwa Romawa ne, su zo da kansu su fitar da mu. Wanda ya yi yabo da tsakar dare shi ne ya nemi haƙƙinsa da safe. Na faɗi wannan ne saboda waɗanda ake cuta ana ce musu su yi shiru su gode.

Abokan Daniyel uku kuma sun faɗa wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Sun faɗi haka kafin su san yadda za ta kaya.

Mama Rifkatu: Ni abin da ya riƙe ni a watannin farko ba waƙar yabo ba ce. Zabura 88 ce. Wata tsohuwa ce ta nuna mini. Daga farko har ƙarshe kuka ne, babu inda ta juya ta ce "amma zan yabe ka", da duhu ta ƙare. Na ce ashe akwai irin addu'ata a cikin Littafi Mai Tsarki.

Baba Danjuma: Mama, da girmamawa, a nan nake jin tsoro. Gunaguni ne ya hana Isra'ilawa shiga ƙasar alkawari, gawawwakinsu suka zube a jeji. 1 Korintiyawa 10:10 ta gargaɗe mu a kai, Filibiyawa 2:14 ma haka. In muka koya wa matasa cewa ba laifi su riƙa yi wa Allah ƙorafi, ina za a tsaya? Ayuba da ya rasa komai cewa ya yi Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, yabo ya tabbata ga sunansa.

Hannatu: Baba wannan sura ta 1 ce. A sura ta 3 ya la'anci ranar da aka haife shi. Littafin sura 42 ne, mu kullum a ta farko muke sauka.

Mama Rifkatu: Baba, Isra'ilawa a cikin alfarwansu suke zagin Allah da Musa, suna shirin naɗa shugaba su koma Masar. Mai Zabura 88 kuwa da "Ya Ubangiji Allah Mai Cetona" ya fara, kuma ya ce dare da rana yake kuka a gabansa. Bai tafi ko'ina ba. Ni ma ban tafi ba. Na yi faɗa da shi, amma a gabansa na yi.

Malam Iliya: Kuma a Ayuba 42:7 da Elifaz da sauran abokan Ayuba biyu Allah ya yi fushi, su da suka yi ta kare shi da kyawawan maganganu. Ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 kuka ne da ƙorafi, kuma littafin waƙoƙin sujada ne, ba a ɓoye ake rera su ba.

Baba Danjuma: Na ji. Amma yawancinsu da yabo suke ƙarewa, wannan ma a faɗa. Zabura 13 ta fara da "har yaushe" ta ƙare da waƙa. Littafin Makoki da aka rubuta bayan Babila ta rushe Urushalima, a tsakiyarsa ne aka ce jinƙansa sabo ne kowace safiya. Habakuk ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Ubangiji. Yohanna Kirisostom, bishop na Kustantiniya, an kore shi daga kujerarsa, aka yi ta jansa a ƙafa yana ciwo har ya mutu a hanya a shekara ta 407, kuma maganarsa ta ƙarshe ita ce ɗaukaka ga Allah saboda kome. Ni a wannan makarantar aka rene ni, a cikinta zan mutu.

Talatu: Ba wanda yake so ya fitar da kai Baba 😊 Ni dai abin da nake roƙo, mutum ya kai ga wannan da ƙafarsa, kada a tura shi. Karin Magana 25:20 ta kwatanta mai yi wa mai baƙin ciki waƙa da wanda ya tuɓe wa mutum riga ranar sanyi. Romawa 12:15 kuma ba ta ce mu gyara wa masu kuka tauhidinsu ba, ta ce mu yi kuka tare da su.

Lami: Ku yi haƙuri in shigo. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni matsalata ba godiya ba ce, ina iya lissafa abubuwan da zan gode. Matsalata ba na jin yana nan. Tun da aikina ya tafi ga kuma ciwon mahaifiyata, in na durƙusa kamar da bango nake magana. Mutane suna cewa "na ji kasancewarsa", ni ban ji komai ba. Ko wani abu ne ya lalace a wurina?

Ladi: Ba ke kaɗai ba ce 'yar'uwa.

Fasto Ishaku: Salama. Yanzu na samu zama na karanta daga sama. Lami, ke zan fara amsa wa.

Ba abin da ya lalace a wurinki. Farawa 39 ta ce Ubangiji yana tare da Yusufu a gidan Fotifar, ta sake faɗa lokacin da yake kurkuku. Mai ba da labarin ne ya gaya mana haka. Ba a ce Yusufu ya ji wani ɗumi a ƙirjinsa ba. Abin da shi ya gani: an sayar da shi, an yi masa ƙarya, mai shayarwar Fir'auna ya manta da shi shekara biyu cur. Kasancewar Allah alkawari ne da ya yi, kuma alkawarin ba ya jiran sai jikinki ya tabbatar. Uwa Teresa ta Kalkata, da aka buga wasiƙunta a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sai duniya ta ga ta yi shekaru masu yawa tana jin kamar Allah ya yi nisa, alhali kullum tana tashi ta yi addu'a ta je wurin marasa lafiya. Fiye da duka, Ubangijinmu a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kira, yana tambayar don me aka yashe shi. In akwai lokacin da Uba yake cikin aiki, ai lokacin ne.

Sau da yawa kuma zuwansa da ƙafar mutum yake. Bulus ya ce a Makidoniya ba su da hutu, faɗa a waje, tsoro a ciki, sai Allah mai ta'azantar da masu ƙasƙanci ya ta'azantar da su da zuwan Titus. 2 Korintiyawa 7:6. Ba wahayi, ba girgizar ƙasa, aboki ne ya iso. Ki duba waɗanda suka zauna da ke a wurin jinyar nan. Akwai kuma ranar da ba Titus, kamar 2 Timoti 4:16 inda ya ce kowa ya yashe shi a shari'arsa ta farko, amma Ubangiji ya tsaya tare da shi. Duka biyun sun faru da mutum ɗaya.

In nauyin ya kai ba kya barci, ba kya iya cin abinci, ko tunanin cutar da kanki yana zuwa, ki ga likita, ki kuma gaya wa wani na kusa. Wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Lami: Na gode Fasto. Akwai wata maƙwabciya da take karɓata kwana a wurin mahaifiyata. Ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba. Maganar barcin ma gaskiya ce, zan je.

Fasto Ishaku: Madalla. Game da gardamar Baba da su Hannatu, ni ina ganin godiyar da ta fi kowace a Littafi Mai Tsarki ita ce wadda muke maimaitawa a Jibin Ubangiji. A daren da aka bashe shi ya ɗauki gurasa ya yi godiya. Ya san abin da gurasar take nufi, shi ya faɗa da bakinsa. Daga teburin nan ya tafi Getsamani ya ce ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon. Dare ɗaya ne, godiyar ba ta hana kukan ba, kukan kuma bai soke godiyar ba. Kuma ba a ɗauke ƙoƙon ba. Don haka Gidiyon, ba zan iya yi wa kowa alkawarin ƙofa za ta buɗe ba, ko da yake na ga ta buɗe sau da yawa.

Gidiyon: Na ji Fasto. Amma ni dai zan ci gaba da yabo ina sa rai.

Fasto Ishaku: Ka ci gaba. Sa rai ba laifi ba ne. Kada dai ka auna wani da sakamakon.

Hannatu: To a aikace fa? Lokacin shaida a sujada, kullum waɗanda suka warke, suka samu aiki, suka haihu ne ke fitowa. Wanda aka yi masa addu'a bai samu ba ba shi da layi. Me zai hana wata rana a karanta Zabura 88 a bar ta yadda take, ba a liƙa mata "amma" a ƙarshe ba?

Baba Danjuma: A karanta, Maganar Allah ce. Amma in ni ke jagorar sujadar, ba za a tashi a kan duhu ba, sai an rufe da waƙar yabo. A nan kam ba zan matsa ba.

Hannatu: Heman da ya rubuta ta bai rufe da yabo ba Baba.

Baba Danjuma: Shi ya sa aka sa ta 89 a bayanta. Je ki karanta ayar farko.

Talatu: 😂 Baba ba ya faɗuwa.

Malam Iliya: Ta 89 ɗin ma Baba ka karanta daga aya 38, kukan ya dawo. Amma mu bar ta haka.

Istifanus: Mama Rifkatu, tambaya nake da ita. Mutumin da ya mutu kusa da ni, na san inda iyalinsa suke, ban taɓa zuwa ba. Ina jin kunyar su gan ni lafiya lau. In je? In na je me zan ce?

Mama Rifkatu: Ka je ɗana, amma ka fara aikawa ka ji ko suna so, in sun ce ba yanzu ba kada ka ji haushi. Kada ka tafi da wa'azi, kada ka ba su labarin yadda Allah ya tsare ka, sun riga sun gani da idonsu. In kun yi hira da shi a motar, ka gaya wa matarsa abin da ya ce, ko da maganar banza ce, za ta so ta ji. In ta tambaye ka ko ya sha wahala, ka faɗi abin da ka sani kawai. Ka tafi da wani babba, kada ka daɗe.

Istifanus: To Mama. Zan nemi kawuna ya raka ni.